Ina labarin Ventspils?

Tambaya: Malam, wai ina ƙungiyar ƙwallon ƙafar nan ta ƙasar Latbiya, Ventspils, ta shiga ne? Na daina jin ɗuriyarta. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, ka tuna mini da baya. Ventspils ƙaramin gari ne a bakin tekun Baltik, kuma a 1997 aka kafa ƙungiyar. Sau shida ta ci gasar ƙasar, uku a jere daga 2006 zuwa 2008. Ni dai 2009 ce ta fi burge ni: ta kai zagayen rukuni na gasar Europa, har ta je Lisbon ta riƙe Sporting kunnen doki, 1-1. Kash! A 2021 hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta haramta mata wasannin Turai na shekara bakwai saboda cogen wasa.