Tambayi Likita: Wai kitse ne ya shiga jinin Hajiyarmu bayan aikin gwiwa

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da bayani. An yi wa Hajiyarmu aikin canjin gwiwa duka biyun rana ɗaya, ranar farko lafiya lau har shayi ta sha muna hira, kwana biyu sai numfashi ya fara gagararta, ta koma tana kirana da sunan ƙanwarta, ga wasu jajayen ɗige-ɗige a ƙirji da hammata. Likitoci sun ce kitse ne ya shiga jininta, Gwaggo kuma ta dage iska ce. Hajiya fa siririya ce, ina ta samo kitse? Daga 'yarku a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba kitsen teɓa ake nufi ba 'yata, maiƙon ɓargo ne, wanda kike gani yana yawo a saman romon ƙashi, kuma kowa na da shi komai ramarsa. Wajen aikin ana zura ƙarfe cikin ramin ƙashin cinya don a daidaita sabuwar gwiwar, a kuma danna wani siminti na asibiti mai manne ta da ƙashi, to wannan matsin ne ke tura maiƙon cikin jijiyoyin jini, ya tafi huhu ya toshe ƙananan hanyoyi, wani ma ya wuce har ƙwaƙwalwa, shi ya sa ta rikice. Yawanci tsakanin awa 24 zuwa 72 yake bayyana, daidai yadda kika faɗa, kuma ɗige-ɗigen nan babbar shaida ce, wani lokaci har cikin fatar ido ta ƙasa ake ganinsu.

Gwiwa biyu a tashi ɗaya ya fi haɗari, ni dai ga dattijai na fi son a raba. Amma inda muka fi ganin abin nan wajen masu karayar cinya ne, irin haɗarin babur.

Ba gudan jini ba ne, don haka maganin tsinka jini ba ya narkar da shi. Iskar oksijin ake ba ta, in ta kama a sa ta a injin numfashi har jiki ya share maiƙon da kansa, kuma akasari ana warkewa hankali ya dawo. A bar Gwaggo ta yi addu'arta, amma banda hayaƙi a ɗakin, huhun Hajiya ba zai ɗauka ba yanzu.