Tambayi Likita: Ciwon Suga Na Masu Juna Biyu

Salamu alaikum Likita. Cikina wata shida, a wurin awo an ce in zo da safe ban karya ba za a gwada min suga. Ni kuwa lafiyata ƙalau. Dole ne? (Daga Kurna)

Wa alaikumus salam. Malama, daure ki je. Wannan ciwo ba ya sallama. Yawan fitsari da ƙishirwa da kasala kowace mai ciki na fama da su, balle a zafin Kano, don haka ba a gane shi da ido. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke dakushe aikin insulin, wanda shi ke kwashe suga daga jini, kuma abin yana ƙaruwa ne idan ciki ya tsufa. Shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 da 28. Za ki yi awa 8 ba ci, a ɗebi jini, ki sha ruwan gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, idan sugan jinin farko ya kai 5.1, ko na biyu 10.0, ko na uku 8.5 (a awon mmol/L), to akwai shi. Wadda ta taɓa haifar jaririn da ya haura kilo 4, ko take da ƙiba, ko iyayenta na da suga, gara a gwada ta tun awon farko.

Likita, an ce ina da shi. Uwar mijina kuma ta ce mai ciki cin mutum biyu take yi. Me zan ci? (Daga Ɗorayi)

Hajiya alheri take nufin ki da shi, amma sugan da ya yi yawa a jininki wurin jariri yake tafiya. Sai ya yi girman da kafaɗarsa za ta iya maƙalewa wajen haihuwa, ko a kai ga tiyata, ke kuma ga barazanar hawan jini. Ban ce ki zauna da yunwa ba. Tuwo ko shinkafa kada su wuce dunƙulen hannunki, miyar ganye ta fi su yawa a kwano. Ki raba abincin: uku ƙanana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar dafaffen ƙwai ko gyaɗa. Wake, alale, kifi, zogale da rama, bismillah. Amma kwaɗon da aka barbaɗa wa suga ya tashi daga aiki.

Inda mata suka fi faɗawa shi ne abin sha. Lemon kwalba, zoɓo, kunun zaƙi, fura da aka dama da suga, shayi mai kauri da biredi da safe. Wata za ta ce ai ta koma zuma. Zuma ma suga ce, haka dabino idan aka cika. Bayan cin abinci ki yi tattaki na minti 10 zuwa 15, ko a tsakar gida ne. Ranar awo kuma ki taho da Hajiya mu gaisa, ta ji da kunnenta.

Matata an rubuta mata allurar insulin. Ba za ta cutar da jaririn ba? Wani ya ba ni shawarar sassaƙe. (Magidanci daga Hotoro)

Malam, insulin ba ya tsallakawa zuwa ga jariri, suga ne ke tsallakawa. Sassaƙe kuwa ba wanda ya san adadin abin da ke cikinsa. Kuɗinsa ka haɗa ka saya mata na'urar gwajin suga. Muna so kafin karin kumallo ya zama ƙasa da 5.3, awa 2 bayan abinci ƙasa da 6.7, a awon mmol/L. Idan ta yi allura ta fara karkarwa da gumi, sugan ya faɗi ne, a ba ta abu mai zaƙi nan take. In motsin jariri ya ragu, ku tafi asibiti ko da tsakar dare.

Idan na haihu shi ke nan na rabu da shi? (Daga Fagge)

Galibi yana sauka da zarar mabiyiya ta fita. Amma a asibiti za ki haihu, don sugan jariri kan faɗi a awannin farko. Ki ba shi nono cikin awa 1 da haihuwa. Kunun jego a rage masa zaƙi. Ki koma gwaji tsakanin sati 6 da 12, wato kina gama wankan arba'in, sannan duk shekara 1 zuwa 3, domin wadda ta yi shi da ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin. Idan kin sake samun ciki, ki faɗa wa ungozoma tun ranar da za ki yanki kati.