Dillali ya kawo min gida da araha, amma wai na hubusi ne

Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, dillali ya kai ni wani gida a Gwammaja mai shaguna huɗu a gaba, kuɗin da aka yanka min bai kai na maƙota ba ko kusa. Babban ɗan marigayin ne zai sayar, sai dai wani maƙoci ya raɗa min wai mahaifinsu ya yi hubusin gidan ga 'ya'ya da jikoki tun yana raye, kuma ƙannensa mata ba su yarda da cinikin ba. Shi kuma ya ce ai shi ne wakili, takardu ma suna hannunsa. In ba da kafin alƙalami?

Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ba da ko sisi tukuna, dillalin nan la'adarsa yake hange, ran da aka kira ka kotu ko wayarka ba zai ɗaga ba.

Hubusi, ko waƙafi in ka ga dama, tushensa gonar nan ce da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, aka tsare asalinta ana sadaka da amfanin, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gado. Toh kaga in hubusin gidan nan ya tabbata, wakili ba mai gida ba ne, aikinsa kawai ya karɓi haya ya yi gyara ya raba wa waɗanda aka ambata. Takarda a hannunsa ajiya ce.

Amma fa ba duk abin da aka kira hubusi ne yake tsayawa a gaban alƙali ba. A Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai maganar hauzi, wato sai mai dukiya ya cire hannunsa ya miƙa tun yana da lafiyarsa. In tsohon ya rubuta takarda ne kawai ya jefa a durowa, 'ya'yan kuma manya ne, ya ci gaba da karɓar hayar shagunan yana cefane da ita har Allah ya yi masa rasuwa, wannan hubusin ya rushe, gida ya koma gado. In kuma a ciwon ajali ya yi, hukuncin wasiyya ake ba shi, ba ya wuce kashi 1 cikin 3, sannan ba a wasiyya ga magaji sai sauran magada sun amince. Yanzu duba da kyau, in hubusi ne yayan nasu ba shi da ikon sayarwa, in gado ne kuma ƙannen nan mata da iyayensu mata duk suna da rabo a kowane bulo na gidan, ta ko'ina dai shi kaɗai ba zai iya sa maka hannu ba. Shi yasa kuɗin ya faɗi haka, ba don yana ƙaunarka ba.

In gidan ya shiga ranka sosai, ka ce su je kotun shari'ar Musulunci ta fayyace matsayinsa, ka ga hukuncin da idonka a rubuce. Ka kuma tambaya ko wani ya ɗaukaka ƙara, don sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a hurumin sauraron maganar waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, rigimar tana iya ɗaukar shekaru kuɗinka na kwance. Bayan nan ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya bincika fayil ɗin a KANGIS, wato hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, ya ga sunan wa ke kan C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, kuma kar ka manta dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya sunan. Hatimin mai unguwa yana da amfaninsa, amma ba ya wanke wannan.

Ga wata kuma daga Ɗorayi: Malam dan Allah, kakanmu ne ya bar gidajen haya biyu hubusi, ya naɗa baffanmu ya kula, yau shekara shida ba lissafi ba rabo, in an yi magana ya ce gyara ya cinye. Za mu iya cire shi mu sa yayanmu? Sannan babana ma yana so ya cire sunan wani ɗansa daga nasa hubusin saboda ya ɓata masa rai.

Hajiya kin haɗa min biyu. Baffa dai taron dangi ba ya tsige shi tunda kakanku ne ya naɗa, alƙali ne ke cirewa in ha'inci ko gazawa ta tabbata, kuma da hujja ake tabbatarwa ba da kuka ba. Ku bi 'yan haya ku tattara rasit, ku rubuta nawa ake biya a shekara, ku ɗauki hoton gidajen a ga wane gyara ne haka da ya cinye hayar shekara shida. Ni dai da za ku ji tawa ku fara kai shi gaban manyan gida ko ofishin Hisbah a yi sulhu, baffa uba ne, gobe shi za a nema waliyyin auren wata a cikinku. In ya ƙi kawo lissafi toh sai kotu, ba ku yi rashin kunya ba.

Shi kuma Baba ki lallaɓa shi, in ya riga ya miƙa dukiyar ta bar hannunsa, fushi ba ya dawo da ita. Sai dai in tun farko ya rubuta cewa yana da damar shigar da wani ko fitar da wani, ku ɗauko takardar ku kai wa malami ko lauya ya karanta muku sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa komai.