Cin hanci daban, satar baitulmali daban: amsoshin tambayoyinku

Wani malamin firamare daga Misau ya tambaya: "cin hanci" da "rashawa" abu ɗaya ne, tunda kullum tare ake faɗarsu a rediyo?

Abu ɗaya ne, malam. Rashawa aro ce daga Larabci, cin hanci kuwa tamu ce ta gida, haka ma toshiyar baki. Duka ukun suna nufin abin da aka miƙa wa mai iko don ya karkata, ya danne gaskiya ko ya sa hannu inda bai kamata ba. Jera su biyu ba laifi ba ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan jaridarmu suka mai da "cin hanci da rashawa" buhun da ake zuba kowace irin ɓarna. Akantan ƙaramar hukuma ya cusa sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi, sai ka ji an ce cin hanci. Wa ya ba shi hancin? Babu kowa. Sata ya yi. Hausa kuwa ba ta rasa sunaye ba. Wanda ya kwashe kuɗin jama'a ya wawure, ko ya yi sama da faɗi da su. Wanda ya murɗe lissafi ya yi almundahana. Jami'in da ya haɗa baki da ɗan kwangila aka fitar da kuɗin rijiyar burtsatse ba a haƙa ba, kashe-mu-raba suka yi. Mai yanka filin makaranta ko burtali yana sayarwa, awon igiya yake yi. Wanda ya tattare komai ya hana kowa, ga handama da babakere. Hatta ICPC da aka kafa a 2000 da EFCC da ta soma aiki a 2003, duk "hukumar yaƙi da cin hanci" muke ce musu, alhali sunan ta biyun laifukan tattalin arziki da na kuɗi ya ambata. Ƙyuya ce kawai.

Wata hajiya 'yar kasuwa daga Kumo ta ce: "na goro" da ake ba ma'aikacin sakatariya kafin ya fito da fayil, ai alheri ne, ko kuwa?

Hajiya, alheri ba ya zuwa da sharaɗi. In har fayil ba zai motsa ba sai goron ya shiga aljihu, sunansa cin hanci, ko da an kira shi na shan ruwa ko kuɗin mai. Wannan lulluɓi da daɗin baki tsoho ne. Cikin al'adun sarakunan Haɓe da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a Kitabul Farƙi akwai "gaisuwa", wato abin da ake kai wa mai mulki don a samu shiga. Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe tutar wannan gyara suka karɓo, ga mu yau a ƙasarsu mun dawo da gaisuwar, mun sauya mata suna kawai. Kin kuma san hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar.

Wani ɗalibi daga Azare yana son asalin kalmar "kantoma".

Daga Turanci take, ɗana. Sunan Baturen da ke kula da bariki ne a zamanin mulkin mallaka. Daga baya ta koma kan wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba. Don haka kuskure ne a ce "zaɓaɓɓen kantoma", kuma na sha jin haka a bakin masu karanta labarai. Wanda aka zaɓa ciyaman ne, ko shugaban ƙaramar hukuma. Bambancin ba na baki kawai ba ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa riƙon kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni ba. 20 na Bauchi da 11 na Gombe suna ciki. Kantoma dai wanda ya naɗa shi yake kallo, ba talakawan da yake mulka ba.

Wani daga Dass: "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Wane lada kuturu ke bayarwa?

Lada a nan ladan aiki ne, kuɗin wanzami, ba na lahira ba. Kansilan da ɗan kwangila ya ɗauki nauyin zaɓensa ya san fassarar.

Daga Billiri an tambayi ma'anar "ɓarawon zaune".

Mai saye ko ajiye kayan sata. Wanda aka sayi gida da sunansa don a ɓoye kuɗin gwamnati yana cikinsu.

Wani direba daga tashar Muda Lawal ya ce "Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari" kare ɓarawo take yi.

A'a, malam direba, laifin take rabawa. Ba ta wanke ɓera ba, ta dai tuna mana da wanda ya karɓi taliya da atamfa ranar zaɓe.