Amsa ga mai tambaya kan labaran al'ajabi, littattafan zane da tarihin kai

Assalamu alaikum. Malama mai tambaya, na karanta abin da kika rubuta, cewa kin saba da littattafan tarihi da na nasiha, yanzu kuma ana ba ki shawarar ki gwada labaran duniyar al'ajabi, da littattafan da ake ba da labari cikin zane, da waɗanda mutum ke rubuta rayuwarsa da hannunsa. Kin ce zuciyarki ta fi kwantawa da na ƙarshen domin shi ne gaskiya, sauran biyun kuwa kina ganin na yara ne. Na daɗe ina karanta dukkan ukun, kuma abin da na gani shi ne, wanda kika fi amincewa da shi ɗin nan shi ya fi bukatar a karanta shi da taka-tsantsan.

Mutumin da ya zauna rubuta rayuwarsa bayan ya manyanta, abin da ƙwaƙwalwa ta rage masa yake rubutawa, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana son mai ita. Idan kika ga ya kawo hirar da iyayensa suka yi yana ɗan shekara biyar, kalma bayan kalma, ki sani cewa sake ƙera ta ya yi daga ɗan abin da ya tuna. Wannan ba ƙarya ba ce, haka aikin ya gada. Littafin Aké na Wole Soyinka, wanda ya fito a 1981, ya tsaya ne kan ƙuruciyarsa, kuma daɗinsa yana cikin yadda dattijo masanin harshe ya ari idon yaro yana kallon manya, yana mamakin abin da su ba su ɗauka komai ba. Amma dattijon ne ya zaɓi abin da yaron zai gani. Tarihin Nelson Mandela kuwa, ya fara rubuta shi a ɓoye yana kurkukun tsibirin Robben, bai fito ba sai a 1994, shekarar da ya zama shugaban Afirka ta Kudu, lokacin da ƙasar ke neman sulhu ido rufe. Duk wanda ya karanta shi ya manta da wannan, zai ɗauki sassaucin harshen da ke cikinsa a matsayin halin mutumin kawai, alhali akwai lissafin shugabanci a ciki. Haka labarin rayuwar wata Bahaushiya, Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakin tsohuwar ta wallafa da Turanci a 1954: muryar ta Baba ce, amma ta bi ta hannun wadda ta yi tambayoyin, ta tsara, ta fassara.

Abin da nake dubawa a irin waɗannan littattafai shi ne yadda marubuci yake bi da mutanen da suka ɓata masa, da kuma ko ya taɓa barin a gan shi cikin abin kunya. Wanda ya cika shafi ɗari uku shi ne mai gaskiya a kowace rigima, shi ne ya hango kowane bala'i tun kafin ya zo, nakan ajiye littafinsa ko da sunansa ya cika duniya.

Labarin al'ajabi bai da wannan matsala, domin tun daga bango ya gaya miki babu abin da ya faru a cikinsa. Alkawarin da ya ɗauka daban ne: zai kafa wa duniyarsa dokoki, kuma ba zai karya su don ya ceci jaruminsa ba. A nan ake gane gwani. J.R.R. Tolkien malamin harsuna ne a Jami'ar Oxford, kuma ya ƙirƙiro harsunan mutanen duniyarsa tun kafin ya rubuta babban labarinsa, The Lord of the Rings, da ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Shi ya sa idan aka ambaci wani tsohon sarki ko rusasshen birni a cikin hira, mai karatu yakan ji cewa akwai tarihi a bayan sunan. Ursula Le Guin, a littafinta na farko kan ƙagaggun tsibiran Earthsea a 1968, ta gina komai bisa doka guda, wato ikon mutum a kan abu yana cikin sanin sunansa na ainihi, kuma kowane amfani da wannan iko yana da abin da yake jawowa. Yaron da ke labarin girman kai ya sa ya saki wata inuwa a duniya, sauran littafin kuma duk biyan bashin wannan kuskure ne. Ban cika samun littafin nasiha da ya bayyana girman kai kamar yadda wannan ƙagaggen labari ya bayyana shi ba.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage, tun da Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun fito tun 1934, ga kuma Dare Dubu da Ɗaya. Bambancin shi ne waɗancan suna tafiya ne daga wannan abin mamaki zuwa wancan, na zamani kuwa sukan zo da taswira, da zuriyar sarakuna, da rikici ɗaya da zai ci littattafai uku ko bakwai. Saboda haka shafukan farko sukan yi nauyi, sunaye su yi yawa, kuma da yawa daga cikinsu kwaikwayon juna ne: maraya, tsohon hasashe, mugun sarki a bayan duwatsu. Ki kuma sani cewa wasunsu cike suke da tsafi da ƙagaggun abin bauta. Akwai masu karatun da hakan ke damun su, kuma ban ga laifinsu ba, don haka ki leƙa bayanin littafi kafin ki ɗauka.

Littattafan zane su ne aka fi yi wa rashin adalci. Mutum yakan ɗauka zai gama cikin awa ɗaya saboda rubutun kaɗan ne, sai ya bi kalmomin a guje ya tsallake hotunan, ya ce bai ga komai ba. Alhali rabin labarin yana cikin zanen, wani sashe kuma yana cikin farin filin da ke tsakanin hoto da hoto. A wannan akwatin hoto an ɗaga hannu, a na gaba mutum yana ƙasa. Bugun ba a zana shi ba, mai karatu ne ya yi shi a ransa. Girman akwatin ma magana ce, domin idan mai zane ya ba abu ɗaya shafi guda, yana cewa ne ki tsaya a nan.

Wanda ya fi nuna mini ƙarfin wannan salo shi ne Maus na Art Spiegelman, wanda ya sami lambar yabo ta Pulitzer ta Amurka a 1992. Labarin mahaifinsa ne, Bayahude ɗan Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka tsare suka kuma kashe Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, an zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi. Bai mayar da uban waliyyi ba. Ya nuna rowarsa, da wuyar zama da shi, da yadda su biyun ke saɓawa yayin da ɗan yake naɗar muryarsa. Akwai wurin da ɗan ya ce ya karanta cewa makaɗa suna kiɗa a bakin ƙofar sansanin lokacin da fursunoni ke fita aiki, uban ya ce shi bai tuna da wani kiɗa ba. Sai mai zanen ya zana makaɗan, sannan a hoto na gaba ya sa jerin fursunoni suka kusan rufe su, ana hango kan kayan kiɗan kawai. Ya bar shaidar takarda da ta mai rai a shafi ɗaya, bai ƙaryata ko ɗaya ba. Wannan ita ce matsalar tarihin kai da na faɗa a sama, kuma ban ga littafin rubutu zalla da ya warware ta haka ba.

Tun da gaskiya kike so, shawarata ki fara da Persepolis na Marjane Satrapi, wanda ya fito da Faransanci tsakanin 2000 da 2003. Zane ne na baƙi da fari, mai sauƙin bi, kan ita marubuciyar kanta, yarinyar da ta tashi a Tehran lokacin juyin juya halin 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi, har iyayenta suka tura ta Vienna ta ƙasar Austria tana da shekara goma sha huɗu. Ki riƙa tuna cewa 'yar gidan masu hali ce, 'yan boko masu adawa da gwamnati, kuma daga wannan taga take kallon ƙasarta. Wata yarinyar daga wata unguwa da ta ba da labari daban. Persepolis da Maus duka ba na yara ba ne, akwai kisa da azabtarwa a cikinsu, kada ki bar su inda ƙananan yara za su ɗauka don sun ga hoto. Idan da hali ki nemi na takarda ko babban allo, domin waya tana yanka shafin gunduwa-gunduwa, tsarin da mai zanen ya yi wa shafin gaba ɗaya sai ya ɓace.