Hoto Ya Juya, Yatsa Bai Juya Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da allon taɓawa a shagona mai aiki da Linux, kuma na juya hotonsa zuwa dama da umarnin xrandr domin in kafa allon a tsaye. Hoton ya fito daidai, amma idan na taɓa sama sai kibiya ta bayyana a gefe. Shin allon ne ya lalace? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allonka lafiyarsa ƙalau, kada ka mayar wa wanda ya sayar maka. A tsarin X11, wato manhajar da ke kula da nuna hoto a kwamfutarka, wadda aka fito da ita a 1987, hanyar hoto daban ce, hanyar yatsa ma daban. Da ka ba da umarnin, direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa allon, ya sake lissafin mazaunin kowane ɗigo, amma gilashin da ke jin taɓawa bai samu labari ba, yana nan yana ƙirga daga tsohuwar kusurwarsa, wadda ita ce ta sama ta hagu sa'ad da allon yake kwance.

Maganin yana cikin wani jadawali mai lambobi 9, layi uku uku, wanda umarnin xinput, mai saita na'urorin taɓawa da linzami, yake nunawa da sunan Coordinate Transformation Matrix. Ana auna faɗi da tsawon gilashin daga 0 zuwa 1, sannan a ninka kowane wurin da aka taɓa da jadawalin kafin a kai shi kan hoto. Ga wanda ya juya dama kamarka, lambobin su ne 0 1 0, -1 0 1, 0 0 1. Idan x shi ne nisa daga hagu, y kuma nisa daga sama, ma'anarsu ita ce tsohon y ya zama sabon x, sabon y kuwa a debe tsohon x daga 1, don haka yatsan da ya sauka a 0.2 da 0.7 za a karanta shi a 0.7 da 0.8. Wannan 1 ɗin na ƙarshen layi na biyu kada a manta da shi, domin in babu shi lissafin zai gangara ƙasa da sifili, kibiya ta maƙale a bakin allo.

Ka nemo sunan na'urarka da xinput list, ka shigar da lambobin da xinput set-prop. Gyaran yana gogewa idan aka kashe kwamfuta, saboda haka ka ajiye umarnin a fayil ɗin da ke tashi tare da ita, bayan layin xrandr.