Kuza a ƙofar gida, wayar liƙi daga Sin

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi a Jos ake haƙar kuza, amma wayar liƙin da muke aiki da ita sai an kawo daga Sin, kuma kullum kuɗinta hawa yake. Tambayar ta yi mini daɗi, don yara da yawa suna gama koyon gyaran rediyo da talabijin ba su taɓa yin ta ba.

Ɗauko naɗin wayar ka duba jikinsa. Wannan 60/40 da aka rubuta, kashi 60 tataccen kuza ne, 40 dalma. Hayaƙin da ke tashi idan ka ɗora ƙarfen liƙi kuwa, ƙaro ne da aka zuba a tsakiyarta don liƙin ya kama. To, tsakanin baƙin yashin da mata ke wankewa a Bukuru da wannan naɗi akwai narkawa, akwai tacewa, akwai haɗawa da ja da naɗewa. Kowane mataki albashin wani ne, ribar wani ce. Mu haƙa da wankewa kawai muke yi, mataki mafi wahala kuma mafi arha, sai mu sayar a buhu. Sauran duk a waje ake yi, sannan a dawo mana da shi mu saya da dala.

Abin da ke ci mini rai, ba rashin iyawa ba ne. Kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narka kuza da kansu, fatake na saye. Da kamfanonin Ingila suka kama filayen, sai aka shimfiɗa dogo daga Zariya zuwa nan a 1914 don kwasar ma'adinin, aka kafa tashar lantarki ta Kurra don injinan haƙa. Masana'antar narkawa ta Makeri sai farkon shekarun 1960 aka buɗe ta. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, ma'aikata a nan suka rasa abinci saboda cinikin da ba a yi da su ba. Kududdufan da kake gani a hanyar Barkin Ladi, tsofaffin ramukan haƙar kuza ne, su aka bar mana.

Yau ma igiyar a hannun wasu take. A 2020 da korona ta rufe masana'antun Sin, kayan gyara suka yi wuya a kasuwa. Da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta wuce 1,500 cikin shekara guda. Dillali ya ƙara, mu kuma ba ma iya ƙara wa talakan da ya kawo rediyonsa yadda aka ƙara mana. Kuma babu mai zuba dukiyarsa a tukunyar narkawa inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Shi ya sa nake yi maka faɗa idan ka zuba liƙi ya yi tudu. Ɗigo kaɗan mai sheƙi ya isa, kuma ya fi riƙewa. Matattun allunan da ke kwandon bayan shago ma kar ka zubar. Gobe da safe ka fito da su, in nuna maka yadda ake cire kafasita da taransista ba tare da an ƙona su ba, da yadda za ka gwada su da mita kafin ka adana.